Kafin Ku Ɗaga Bulala, Ku Ɗaga Sirdi

Kuta ba ƙasar dawaki ba ce kamar Katsina ko Haɗeja. Gari ne na Gbagyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Shiroro, ƙasar doya da duwatsu, kusa da inda aka datse kogin Kaduna aka yi madatsar Shiroro da ta fara ba da wuta a 1990. Amma Kuta tana cikin masarautar Minna, kuma Sarkin Minna na farko, Alhaji Ahmadu Bahago, daga sarautar Kuta ya fito; Alhaji Umaru Faruk Bahago ne ke kan gadon tun 1988. Duk inda ake da sarauta irin wannan ba a rasa doki: na hakimi, na mai sarauta, na attajirin da ke son a gan shi a hawan Sallah, da na samari masu ba da haya ranar biki.

Ƙarancin dawakin ne ya sa maganar ta fi muhimmanci a nan. A garuruwan da doki ya yi yawa, yaro yana tashi ne a barga, ya ga yadda muri ke shafa bayan doki kafin ya ɗora kaya, ya koya ba tare da an zaunar da shi ba. A yankinmu kuwa, yawanci ana sayo doki daga kasuwannin arewa irin su Maigatari ko Mai'aduwa a loda shi a mota, sirdi kuma a sayo shi daban a kasuwar Kurmi ta Kano, ko a gada, ko a aro wajen aboki. Dokin da sirdin ba su taɓa haɗuwa ba sai safiyar hawa. Idan dokin ya soma tutsu, ya ƙi tsayawa a hau shi, ya kai cizo lokacin da ake jan majayi, sai a ce mugun doki ne, a nemi bulala. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, mafi yawan abin da muke kira mugun hali a wajen doki ciwo ne ko tsoro, kuma babban wurin da ciwon ke ɓuya shi ne ƙarƙashin sirdi, inda ado ya rufe.

Sai mutum ya san yadda Allah ya halicci dabbar kafin ya gane abin da take nufi. A daji doki abin farauta ne, makaminsa gudu. Idanunsa suna gefen kai, don haka yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi ba tare da ya waiwaya ba, in ban da wurare biyu: daidai bayan wutsiyarsa da daidai gaban goshinsa. Wanda ya ɓullo masa daga baya shiru ya taɓa shi, kada ya yi mamaki in ya sha harbi. Dokin bai ga kowa ba, ya ji taɓi ne kawai. Ana tunkarar doki ta wajen kafaɗa, ana yi masa magana. Wannan darasi ne da ya kamata a koya wa yaran da ke bin bayan dawaki da gudu ranar Sallah. Kunnuwansa kuma kowanne yana juyawa shi kaɗai, kuma duk inda kunne ya nufa, can hankalinsa yake. In ya kwantar da su duka biyu baya suka lafe da wuya, gargaɗi ne. Ƙarar bindigar gargajiya, kakaki, tambura, da babura masu ratsa taro, duk suna iya firgita dokin da bai saba da su ba, kuma ba a cire tsoro da duka. Ana saba masa ne kaɗan-kaɗan, daga nesa, makonni kafin ranar.

Abin da ya fi cutar da doki cikin halittarsa shi ne shirunsa. Dabbar da ake farauta tana ɓoye rauninta, don mai rauni ake fara kamawa. Kare in an taka shi zai yi ƙara unguwa ta ji. Doki ba ya kuka don ciwo. Haniniya kira ce ga 'yan'uwansa, ba koke ba ce. Yana iya ɗaukar mutum daga safe har azahar da miki a baya bai yi ko tari ba. Kokensa a jiki yake, sai mai lura ke gani.

Wata likitar dawaki 'yar Ingila, Sue Dyson, ita da abokan aikinta sun fitar a 2018 da jerin halaye 24 da doki ke nunawa idan ana kansa yana jin ciwo, suka kuma nuna cewa dokin da ya haɗa 8 ko fiye daga ciki, da wuya a ce lafiyarsa ƙalau. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawa ya san su: lafe kunnuwa baya na tsawon lokaci, wangame baki, fito da harshe, kaɗa kai sama da ƙasa, farin ido ya bayyana, kaɗa wutsiya da ƙarfi ba don ƙuda ba ko matse ta, jan ƙafar baya, tuntuɓe, turjewa, tsalle da miƙewa tsaye a kan ƙafafun baya. Abin takaici, rabin waɗannan mu ƙasaita muke ɗaukarsu. Doki yana ta rawar kai yana kumfar baki yana tattaka wuri ɗaya, 'yan kallo suna cewa ga ingarma mai jini a jika, alhali wani lokaci zafi ne ya hana shi tsayawa. Doki mai ƙoshin lafiya da kuzari ma yana taƙama, ba a musu. Bambancin yana fuska: mai nishaɗi kunnuwansa suna wasa gaba da baya, idonsa a sake, bakinsa a rufe.

Ba kowane tutsu ne laifin sirdi ba. Dawakin hawanmu kusan duk maza ne da ba a dandaƙe ba, in suka ji ƙanshin goɗiya ko suka matsu da juna a taro, faɗa ba ya wuya. Haƙori mai kaifi yana yanka kunci. Kofato da ya yi tsawo ko ya tsage yana sa ɗingishi. Ga kuma zaman turke. Dabbar da aka halitta ta yini tana tafiya tana kiwo, awa 14 zuwa 16 a rana, da ƙaramin ciki da ke son abinci kaɗan-kaɗan, mun ɗaure ta wuri ɗaya da dabaibayi, muna cika ta da dawa da dusa, ba a fita da ita kilisa sai Juma'a. Ranar da aka kwance ta dole ta yi hauka. Wannan maganinsa harawa da ciyawa su fi hatsi yawa, da fita kullum ko da a ja shi da ragama ne. Amma idan doki lafiya lau yake a barga, ana shafa shi ana wanke shi ba gardama, sai ya hango an ɗauko sirdi ya soma ja da baya yana lafe kunne, to an gama bincike. Ya gaya muku inda matsalar take.

Bayan doki ba benci ba ne da za a ɗora kaya ko'ina. Wanda ya saba ganin matan Gbagyi suna dakon itace ko doya a kafaɗa ya san kaya ba nauyinsa kaɗai ke gajiyar da mutum ba. In ya zauna daidai inda jiki ya tanada, a yi tafiya mai nisa da shi, in ya goce ya hau ƙashi, taku kaɗan ya isa. Doki yana da haƙarƙari 18 a kowane gefe, kuma wurin da zai iya ɗaukar nauyi shi ne dogon naman da ke kwance a kan haƙarƙarin, hagu da dama na gadon baya. Wurin yana da iyaka gaba da baya. A gaba akwai allon kafaɗa, wanda ke zamewa baya duk lokacin da doki ya miƙa ƙafa. In sirdi ya hau kansa, kowane taku sai ƙashi ya bugi itace, sai doki ya gajarta taku ko ya riƙa tuntuɓe. A baya kuma, daga haƙarƙari na ƙarshe zuwa ƙugu babu abin da ya tallafi gadon bayan, nan ne mafi rauni. A tsakiya ga ƙashin gadon baya kansa, musamman doron da ke tsakanin kafaɗu inda geza ta ƙare. Fata ce kawai a kan ƙashi. Nan ko kaɗan bai kamata wani abu ya danna ba.

Sirdinmu na gargajiya ba mugun sirdi ba ne, kuma ban yarda da masu cewa sai na Turawa ne mai kyau ba. An ƙera shi don yaƙi. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, da shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma barde mai irin wannan kaya yana buƙatar mazaunin da zai riƙe shi gam idan an yi karo. Shi ya sa kwacciyar gaba da ta baya suke da tsawo, likkafa take da faɗi. A ƙarƙashi kuma allunan itace biyu ne ke kwanciya a gefen gadon baya, kuma in sun dace da dokin suna baza nauyi a wuri mai faɗi, abin da ake nema ke nan. Matsalar ita ce itace ba ya lanƙwasa. In an sassaƙa shi don doki mai faɗin baya, har abada na mai faɗin baya ne. Sirdin Turawa da 'yan sukuwa da 'yan folo ke amfani da shi, wasan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo suka ɗaukaka a arewa, shi ma da ƙashi a cikinsa. Da yawa daga waɗanda ke shigowa kasuwanninmu na hannu ne, an yi su don manyan dawakin Turai masu faɗi, sai su zauna wa dokinmu siriri daidai kan doro.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi ko na'ura. A tsayar da doki a wuri mai daidai, a ɗora masa sirdin tsirara, ba zubka ba jalala, ba a ɗaura majayi ba. A aza shi ɗan gaba kan doro, a zame shi baya a hankali har ya tsaya da kansa. Inda ya tsaya nan ne mazauninsa, bayan allon kafaɗa. Yawancinmu muna ɗaure sirdi gaba fiye da kima. Daga nan a zura yatsu tsakanin ƙasan kwacciyar gaba da doro: ya kamata yatsu biyu ko uku a jere a tsaye su shiga, kuma a sake gwadawa bayan mahayi ya zauna, don nauyi yana saukar da sirdi. A koma baya, a tsaya gefe kaɗan don gudun harbi, a leƙa ta ƙarƙashin sirdin: a ga haske ya ratsa daga baya zuwa gaba, alamar babu inda ya taɓa gadon baya. Sai a zura tafin hannu ƙarƙashin allon, a bi shi daga gaba zuwa baya a kowane gefe. Abin da ake so matsin ya zama ɗaya. In ya matse hannu a gaba da baya amma tsakiya rami, nauyin mahayi duka zai taru a wurare huɗu ƙanana. In kuma tsakiya ce kaɗai ta taɓa, sirdin zai riƙa lilo yana gurzar fata. A ƙarshe a laluba haƙarƙari na ƙarshe, a bi shi sama zuwa baya, a tabbata allon bai wuce nan ba. Dawakinmu da yawa gajerun baya ne, babban sirdi yana zarce musu har ƙugu.

A kuma kifa sirdin a duba cikinsa. Ƙusa da ta leƙo, ƙullin fata da ya bushe ya yi tauri, itacen da gara ta ci ko ya tsage, allon da ya karkace ɗaya ya fi ɗaya tudu. A kama kwacciyar gaba da ta baya a matsa su. In ya motsa ko ya yi ƙara, ya karye, kuma karyayyen sirdi ba ya gyaruwa da tsumma. Sirdin gado yana da daraja, na sani, kuma ba a so a ce na kakan wani ya tashi aiki. A rataye shi a zaure a riƙa nuna wa jikoki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tara shimfiɗa. Mutum ya ga sirdi yana cin doki, sai ya ƙara bargo, ya ƙara soson katifa, ya ƙara buhu. In sirdin ya yi wa dokin faɗi ne yana faɗawa kan doro, zubka mai kauri tana iya ɗaga shi na ɗan lokaci. In kuwa matsewa ya yi, duk abin da aka ƙara ƙarin matsi ne. Soso yana riƙe zafi da gumi, buhun leda yana gurzar fata. Zubka ta auduga ko ta gashi mai tsabta, wadda ta fi sirdin faɗi, ita ce daidai, kuma kafin a ja majayi a sa hannu a ɗaga ta sama ta shige cikin ramin kwacciya, kada ta miƙe ta danne doro. A kakkaɓe ta kullum, a shanya ta ta bushe. Ƙarangiya ɗaya ko ɗan tsakuwa da ya maƙale a ciki ya isa ya mai da doki mai ladabi abin tsoro. Haka bayan dokin: a goge busasshen gumi da ƙasa kafin a ɗora komai.

Majayi kuma ya zauna kamar faɗin tafin hannu bayan hammatar ƙafar gaba. Ba a ja shi gaba ɗaya lokaci guda, balle a tokare cikin doki da gwiwa ana ja. A ɗaura sako-sako, a ja dokin ya ɗan taka, a ƙara, sannan a ɗaga kowace ƙafar gaba a miƙa ta don fatar da ta naɗe ta warware. Yatsu a kwance su iya shiga tsakaninsa da jiki. In ya yi sako da yawa shi ma illa ne, sirdi zai riƙa zamewa. Majayin igiyar roba da ake gani yanzu yankan fata yake yi, a nemi mai faɗi na saƙa ko na fata mai laushi. Dokin da ke kai cizo lokacin jan majayi, galibi an taɓa yi masa azaba a nan ne, kuma doki ba ya mantuwa.

Bayan an sauka, bayan doki yana ba da labarin tafiyar duka, sai dai mutane ba sa tsayawa karantawa. Da an cire sirdi a duba gumi. Ya kamata ya jiƙe bai ɗaya hagu da dama, tsakiya kan gadon baya kuma ba alamar danni. Ƙaramin wuri busasshe a tsakiyar jiƙa yana nuna matsin ya yi yawa har ya hana wurin yin gumi. Gashi da ya murɗe ko ya karye yana nuna gurza. Bayan ɗan lokaci a sake shafawa a ji ko akwai kumburi ko zafi, a bi naman baya da yatsu ana ɗan dannawa. In ya lotsa baya ko ya waiwayo, akwai ciwo. Farin gashi da ke fitowa tabo-tabo a doro ko mazaunin sirdi a jikin doki mai duhu, ba ado ba ne, shaidar tsohon rauni ce, wurin da matsi ya kashe launin gashin. Mai sayen doki a kasuwa ya sa a cire duk abin da aka rufa masa, ya duba wannan da idonsa, ya kuma shafa da hannunsa.

Akwai abin da ya keɓanci yankin Kuta da Minna wanda mutumin Daura ba ya fama da shi sosai. Damina a nan tana da tsawo, daga wajen Afrilu har Oktoba, ga laima, ga kurmi a bakin rafuka inda ƙudan tsando ke zama. Tun zamanin da, wannan ƙuda da cutar sammore da yake ɗauke da ita su ne suka sa doki ba ya daɗewa in an gangaro da shi kudu, dole a riƙa sayo sabo daga arewa. Sammore tana ramar da doki, tsutsar ciki ma haka, kaska ma haka, ga ƙarancin harawa a ƙarshen rani. Doki in ya rame, naman baya ne ke fara zubewa, doro ya fito tsuru. Sirdin da ya zauna daram ranar da aka sauke dokin daga mota yana sheƙi, bayan wata uku yana iya zama a kan ƙashi. In ya murmure bayan kaka kuma, sai ya matse. Tunda Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, tana ratsa rani da damina, ba a cewa ai bara da shi aka hau. Gwaji sai an maimaita duk lokacin da jikin doki ya sauya. Laimar damina kuma tana kawo kirci a fatar baya, kuma ƙaramar gurza da za ta bushe cikin kwana biyu a hunturu, a watan Agusta ƙudaje suna mai da ita miki mai tsutsa.

Sai maganar nauyi, wadda ba a son ji. Ƙa'idar da masana dawaki suka fi bi ita ce kada abin da doki ke ɗauka, mahayi da sirdi da kaya duka, ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsa. Dokin da ya kai kilo 300, rabonsa kilo 60 ke nan. Babban mutum da babbar riga da alkyabba da rawani, a kan sirdin itace da jalala da sauran kayan ado, ya zarce haka nesa. Ba ina cewa a daina hawa ba ne. A zaɓa wa mai jiki doki mai jiki, a rage tsawon lokacin, kuma a daina zama a kan doki awa biyu cikin rana ana jiran fitowar sarki. A sauka, a sassauta majayi, a kai shi inuwa, a ba shi ruwa. Malamai suna karantar da hadisin da ya hana mai da bayan dabba wurin zaman hira, kuma likitan dabbobi ma abin da zai ce ke nan: nauyi mai tsayawa wuri ɗaya yana hana jini gudana a fata. Wajen hawa ma, mai rataya a kwacciya ya ja jikinsa sama yana murɗe sirdin a kan doro. Aikin zagi na riƙe likkafar ɗaya gefen ba girmamawa kaɗai ba ce, kariya ce ga bayan doki. Wanda ba shi da zagi ya taka dutse ko dakali. Goyo a bayan sirdi kuwa, kamar yadda samari ke yi ranar hawan angwanci, zama ne daidai kan ƙugu, a bar shi.

Linzami yana da hannu a ciwon baya fiye da yadda ake zato. Linzaminmu mai zobe da ke kewaye haɓa yana da ƙarfi ƙwarai. An yi shi ne don a juya doki da ɗan yatsa a fagen fama. A hannun gwani, da ƙyar ake taɓa shi. A hannun ɗan koyo mai fizga, baki yake fasawa, kuma dokin da bakinsa ke zafi yana ɗaga kai sama ya lotsa baya, sai allunan sirdi su nutse masa gaba da baya. Zamiya a gaban sarki abin sha'awa ce, amma kumfa mai jini ba ta cikin adon. Doki yana koyo ne daga sassauci: ka ja kaɗan, ya amsa, ka saki nan take, sakin shi ne ladansa. In ana ja ba a saki, ko ana dukansa da kaimi ana kuma riƙe baki, ba shi da hanyar gane abin da ake so. Dukan da aka yi masa bayan an koma gida saboda abin da ya yi a fili, bai san dalilinsa ba, abin da ya koya kawai shi ne mai shi abin tsoro ne.

A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, kuma wannan abin murna ne ga duk masarautar da ke hawa, har da Minna da Bida da Kontagora. Idon duniya yana kan kayan ado. Abin da ke ƙarƙashin jalala kuwa mai doki da murinsa kaɗai suka sani, kuma ina ganin darajar mahayi a nan take.

In miki ya riga ya fito, magani na farko hutu ne. Ba a ɗora sirdi a kan rauni, ko da an yanke rami a zubka, sai fata ta rufe ta yi ƙwari, wanda kan ɗauki makonni. A wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita, safe da yamma, a kare shi daga ƙuda. Baƙin man inji, ruwan batir da toka, waɗanda ake yawan shafawa, ƙona naman da ke ƙoƙarin tsirowa suke yi. Doki yana cikin dabbobin da cutar tetanos mai sandarar da jiki ta fi saurin kamawa ta hanyar rauni, don haka a tambayi likitan dabbobi allurar rigakafinta. Kumburi a doro mai fitar da ruwa ko mugunya ba na maganin gida ba ne: yana iya cin rami har ƙashi, kuma wani lokaci ƙwayar cutar bakkale ce a ciki, wadda ke kama mutum. Kada a taɓa da hannu tsirara, a nemi ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma ko a kira likita daga Minna.

Ga mai aro ko haya, Hausawa sun riga sun ce zanen aro ba ya rufe katara. In za a karɓi doki, a karɓe shi da sirdinsa da zubkarsa da linzamin da ya saba da su, kada a haɗa dokin wannan gida da sirdin wancan. A sa a kawo shi tsirara a ga bayansa kafin a biya. Mai dokin kansa kuma ya fara shiri sati biyu ko uku kafin Sallah: ya yi gwajin sirdi, ya riƙa fita kilisa da cikakken kayan da za a hau da su, yana ƙara nisa a hankali don fata da naman baya su saba, yana duba gumi duk dawowa. In an ga matsala a lokacin, akwai sauran damar kai sirdin wajen masassaƙi da baduku su rage tudu ko su sake shimfiɗa, ko a nemo wani da ya dace.